Igiya a Ƙarƙashin Safa

Kowace safiya, kafin Auta ya fita aiki, sai ya ɗaure ƙafar Inna da igiyar shanya a jikin ƙarfen gado, ya ajiye mata kofin ruwa da fo, ya ja ƙofa ya kulle. Uwar da ta haife shi fa! Wai tana fita tana ba shi kunya a unguwa. Tun tana kuka tana kiran maƙwabta ta taga har muryarta ta dushe, amma wa zai saurare ta? Auta ya riga ya bi gida gida ya ce tsufa ya taɓa mata kai. 'Yarta da ke aure nesa kuwa, duk sanda ta bugo waya sai ya ce Inna na barci.

Ranar asibiti kaɗai take ganin rana, saboda ciwon suga. Ranar zai yi mata wanka, ya zura mata doguwar safa, ya riƙo hannunta, mutanen layi suna ta sa masa albarka. Duk tambayar da aka yi mata, shi ke amsawa. Ka'ida ce a duba ƙafar mai suga, amma cunkoso ya sa an daɗe ana tsallakewa: a soki yatsa, a ba da magani, sai na gaba. Inna ta koma gida, igiya ta koma inda ta ci jiya... ƙafar har ta fara wari.

Ran nan suka tarar da wata nas daban, mai furfura da ƙaton tabarau.

"Mama, cire safa mu ga ƙafa."

"Ƙafarta lafiya lau, Sista," in ji Auta da sauri.

"Malam, ita na tambaya. Ɗan jira mu a waje."

Da ƙofa ta rufe, nas ta durƙusa ta zare safar da kanta, safar na manne da fata. Innalillahi! Wani zoben gyambo ne ya zagaye idon sawun, yatsun sun yi baƙi ƙirin.

"Faɗuwa na yi a banɗaki," in ji Inna.

"Mama, faɗuwa ba ta zagaye ƙafa haka. Wa yake ɗaure ki?"

Sai kuka ya ƙwace mata. Ta kama rigar nas ta riƙe gam. "'Yata, don Allah ki rufa mini asiri... Shi kaɗai gare ni kusa. In ya ji na faɗa, yau ko ruwan ba zan samu ba."

Nas ma hawaye take. "Na ji ki, Mama. Amma amanarki tana wuyana. In na yi shiru kika koma ɗakin nan, gawarki za a kawo mini. Yau ba za ki koma ba."

Ta kira likita, likita ya kira hukuma. Da aka je gidan, ga igiyar nan a jikin gado, ga fo, ga kwaɗo a ƙofa. A gaban maƙwabtan da ke yabonsa aka saka Auta a mota, kowa ya sunkuyar da kai. Likitan ƙwaƙwalwa ya gwada Inna ya ce hankalinta ras yake, bai taɓa gushewa ba.

Sai dai an makara, ƙafar ba ta tsira ba. Daga gwiwa aka yanke ta.

'Yarta ta iso tana kuka kamar ranta zai fita, ta ɗauke ta zuwa gidanta, ta gyara mata ɗaki mai taga biyu, jikoki suna shige da fice. Nas ta zo dubiya bayan an tashi aiki, Inna ta riƙe hannunta ta daɗe tana yi mata addu'a. Da nas za ta tafi, ta kai hannu za ta ja ƙofa.

"A'a, 'yata," Inna ta ce da sauri. "Na san ba inda zan iya zuwa yanzu... amma bar mini ita a buɗe."