Mikin Kawu Erchim

Da yammaci Tuyara, nas ɗin wani ƙauye a yankin ƙanƙara, ta ɗauki jakarta ta nufi bakin kogi don yi wa kawunta Erchim allura. Sati uku ke nan da ya yanke a hannu cikin ramin da shi da abokan aikinsa suke haƙa da tiyon ruwa, suna neman hauren giwayen dauri a daskararriyar ƙasa.

Magani shida ta gwada, mikin ko gezau. Likitan da ya auna mugunyar a birnin Yakutsk ya ce mata a waya, ƙwayar cutar ta yi shekara dubu talatin a ƙanƙara, amma ba maganin da ƙwayar ba ta sani ba.

Tun daga shingen gidansa wari ya tare ta, kamar an buɗe kabarin dabba. Karnuka sun gudu. Ko sauro babu a ƙofar.

Ta tarar da shi zaune cikin duhu, murhu a mace.

"Kawu, ba ka hura wuta ba?"

"Ba ya son zafi," in ji shi, ƙasa-ƙasa.

"Wa?"

Sai kawai ya miƙo hannun. Ta sa safar roba ta warware bandejin. Ya taso da fata. Mugunya ruwan toka ta zubo mata a takalmi, sanyi ƙalau.

A tsakiyar mikin gashi ya tsiro. Ja, dogo, mai kauri.

Ta zuƙo magani na bakwai. Tana kai allurar, bakin mikin ya buɗe. Ya rufe. Kamar yana shinshina.

Kawu ya yi dariya da wata murya mai gurnani wadda ba tasa ba.

"Wannan ma na ɗanɗana, 'yar nan. Tun ba a halicci kakanninki ba."

Ruɓaɓɓen hannun ya cafke nata. Yatsun suka fara laluben wuyan safar, suna neman fata.

Ta fizge. Safar ta zame ta bar masa.

A bakin shinge ta durƙusa ta amayar da duk abin da ke cikinta.

Washegari jirgi mai saukar ungulu ya kwashe shi zuwa asibiti. Aka yanke hannun daga kafaɗa, aka ƙone. Ya rayu, kuma ya rantse bai tuna komai ba.

Sai dai in ta kai masa shayi, yakan dubi inda hannun yake a da, ya ce, "Tuyara, har yanzu fa yana tono."