Yumɓun Fadamar Kademi

Bayan isha'i Suwaibatu tana ɗakin gwaji a Gaya ita kaɗai, tana danne yumɓun fadamar Kademi da ƙarafa masu nauyi a cikin wata na'ura, don a san ko ƙasar za ta ɗauki gada. Sai ga wata tsohuwa a ƙofa, tana warin laka. Ta nuna na'urar.

"'Yar nan, sauke min nauyin nan, ƙirjina zai fashe."

"Iya, ba zan sauke ba. Yara ne za su bi gadar, sai na ga iyakar lotsawar ƙasar."

Ta ƙara ƙarfe ɗaya. Allurar ma'aunin ta motsa. Tsohuwar ta yi nishi, ta rage tsawo, ruwa yana tsattsafowa daga ƙafafunta.

 Suwaibatu ta yi bisimilla, ta ɗauko ƙarfe na gaba.