Salansa a Kan Busasshiyar Ciyawa

Duk wanda ya ji ƙaurin a-kori-kurata a makon nan ya san ba za a wanye lafiya ba. Dizal take sha kamar an huda tanki. Allurar zafin salansa kuwa, da ta ga tudu sai ta haye ja. Na sake matatar iska, na duba nozul, na bi robobi ɗaya bayan ɗaya. Bakanikenmu ya ce tukunyar da ke tare toka a cikin salansa ce ta cushe, don ba na wuce shago da coci. Ranar da aka taka ta da nisa za ta ƙone tokar da kanta, ƙarfen ya yi jawur. Ya ce in kawo ta bayan bikin tsakiyar bazara.

Shekarar an yi fari. Hukuma ta hana ko gasa nama a waje.

Jajibirin biki ɗana Joar ya zo. Tun da injin katako ya sallame shi ba ya zama wuri ɗaya.

"Baba, ara mini tsohuwar motarka in ɗauko itace."

"Ba ta da lafiya."

"Kai ma ba ka da lafiya, ga ka kana yawo." Ya yi dariya, bai dube ni ba.

"In ka taka ta, kada ka tsaya a kan ciyawa. Ka ji ko?"

"Na ji."

Sauran labarin a kotu na ji shi, daga bakin abokinsa Tage.

Da hantsi suka faɗa shagon zinariyar Gunvor, tsohuwa tana shirin rufewa ta tafi filin rawa. Ogansu Sune ne a gaba, bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, bindigar farauta a hannu.

"Kwanta, Iya! Kwanta!"

Gudumar Tage ta sauka a gilashi, tas! Sarƙoƙi, zobba, agoguna, duk cikin jaka.

Gunvor ta ɗago kai. "Tage? Ɗan Birgit? Cire wannan tsumman daga fuskarka, ni na yi wa uwarka zoben aure!"

Sune ya saki harsashi a rufi, daram! Suka fito a guje. Joar na bakin ƙofa, inji na ruri.

Sajan Ylva, 'yar sandan yankinmu, na can filin rawa a wani ƙauye, motarta ce kaɗai ke sintiri a duk gundumar. Ina yanka dankali ta kira ni.

"Helge, ina motarka?"

"Tana wurin Joar. Lafiya?"

Ta kashe waya. Ashe an ga motar a ƙofar shagon Gunvor.

Su kuwa sun kama hanyar masu saran katako, wadda ke bi ta daji zuwa tafkin iyakar Norway, inda Sune ya ɓoye kwale-kwale. Tudu bayan tudu. Allura ta manne a ja.

"Oga, sai mun sassauta, za ta kama!" in ji Joar.

"Taka, ɗan lelen baba! Motarka ce ko matarka?"

"Wallahi ƙauri nake ji," in ji Tage.

"Hammatarka ce. Yi mana shiru!"

Sai ƙugin jirgi a sama. Ƙarami, fari, yana shawagi.

"'Yan sanda! Sauka daga hanya, shiga ƙarƙashin itatuwa!"

"Ciyawa ce, Oga, ba a..."

Bakin bindiga ya taɓa ƙeyar Joar. "Na ce shiga!"

Ya shiga. Ciyawa da busasshiyar gansakuka har gindin ƙofa. Ya kashe inji. Suka yi tsit, ƙarfe na ta ƙas-ƙas a ƙarƙashinsu.

Jirgin nan ba na 'yan sanda ba ne. Na 'yan sa-kai ne masu gadin daji, waɗanda ke zagaye duk lokacin fari. Matuƙin bai ma ji labarin fashi ba. Abu ɗaya yake nema a duniya, hayaƙi. Ya juyo zagaye na biyu ya same shi.

Ylva ta ji a rediyo. Hayaƙi a hanyar katako ranar da kowa ke wurin rawa? Ta murza sitiyari.

Wuta ta fito ta gefen taya, bal! Kafin su buɗe ƙofa ta haye itace. Iska ta ɗauka.

"Tafki! Mu yi tafki!" in ji Tage.

Sune ya fizge jaka. "Kwale-kwalen ba ya ɗaukar uku."

"Oga, ni ne fa!"

"Kai aka gane."

Daram! Tage ya zube, cinya na jini. Sune ya nutsa daji.

Joar ya saɓi Tage, ya ratsa hayaƙi da shi zuwa tsakuwar hanya. Ya cire bel ɗinsa ya ɗaure masa cinya. Jiniya ta taso daga ƙasan tudu.

"Zauna, mutumina. Ya ƙare," in ji Tage.

Joar ya dubi hanya, ya dubi wuta. Ya miƙe.

"Joar! Dawo, mahaukaci!"

Hayaƙi ya rufe shi.

Wutar ta ci har ruwan sama ya sauko. Ta cinye dajin maƙwabtana da bukkokin farautarsu. An tsinci Sune gab da tafki, hayaƙi ya shaƙe shi, jaka a ƙirji. Kwale-kwalen ba ya nan. Wasu sun ce igiyar ce ta ƙone, iska ta ja shi. Tage na ɗaure, yana ɗingishi. Gunvor ba ta ƙara buɗe shago ba, in mun haɗu a coci sai ta riƙe hannuna. Uwar Joar ta daina kulle ƙofa.

Karnuka sun bi toka, masu ninƙaya sun shiga tafki, 'yan sandan Norway sun duba nasu gefen. Tage ya rantse bayan Sune Joar ya bi, don ya rama masa. Ylva ta ce gudu ya yi. Ban san wanda ke da gaskiya ba. Ban kuma san ko ɗana na raye ba.