Zanen Marigayiya a Jikin Baƙuwa

"Phebe! Fito nan!"

Baba Nicodemus bai taɓa kiran sunan 'yarsa da irin wannan tsawar ba. Ta fito tsakar gida da kumfar wanki a hannunta.

Yoila na durƙushe a ƙasa, kansa a sunkuye. Shi ne saurayinta, gobe Lahadi za a yi sanarwar aurensu ta ƙarshe a coci. Gefensa Mama Agnes ce, yayar marigayiya mahaifiyarsa, tana haki kamar a guje ta zo unguwarsu ta Dala. A bakin ƙofa kuwa Vivian ta ƙungiyar mawaƙa ta harɗe hannu. Duk unguwa an san ta daɗe tana son Yoila.

"Karɓi ki ga mijin da kika zaɓa," in ji Baba, ya miƙa mata waya.

Ta karɓa, ta dubi hoton da ke ciki.

Doguwar mace ce baƙa, mai wushirya, tana murmushi. A ƙugunta zanen saƙi ne baƙi da fari mai jan baki.

"Zanen ƙanwata!" Mama Agnes ta dafe ƙirji. "Daga ƙauye aka saƙo shi, babu irinsa a Maiduguri. A gidanmu amarya ba ta ganinsa sai ranar da muka ɗaura mata da hannunmu. Yau ga shi a jikin 'yar tasha!"

"Ni dai a wayarsa na gani wajen koyon waƙa," Vivian ta ce tana yatsina. "Na ce ba zan bari a cuci 'yar'uwa ba."

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

"Yoila, wace ce?" in ji Baba.

"Baba, ba ni da wata bayan Phebe."

"Ban tambaye ka abin da ba ka da shi ba. Wace ce?"

Yoila ya ƙara sunkuyar da kai.

Phebe ta san ko wace ce. Ita ta yi ta. Da abin nan da yara ke kira AI take ƙirƙiro 'yanmata masu tallan sutura a wayarta, ta naɗa wa wannan laffaya, ta ɗaura wa waccan atamfa, don jin daɗi kawai. Ita ta yi ta yi wa Yoila magiya har ya ɗauko zanen daga akwatin Mama Agnes a ɓoye, ta ɗauki hotonsa, don ta ga yadda zai zauna a jikin mace, sannan ta tura masa abin da ta ƙirƙiro a wayarsa. Baba kuwa dattijon coci ne, kuma ya sha faɗa cewa mai ƙera fuskar mutum da waya yana ja da Mahalicci ne.

Yoila ya ɗago ido, ya girgiza mata kai kaɗan. Kada ki faɗa.

"Ruwa ba ya tsami banza." Baba ya zura takalminsa. "Gidan Fasto za ni. A janye sanarwa."

Taku ɗaya... taku biyu...

"Baba!"

Phebe kanta ba ta gane muryarta ba.

"Babu matar nan a duniya. Ni... ni na yi ta."

"Aljana ce ke nan? Yesu!" Mama Agnes ta ja da baya.

"So hana ganin laifi," in ji Vivian. "Kare shi take yi, Baba."

Baba ya juyo. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Gani ya kori ji. Yi mu gani. In ƙarya ce, daga ke har shi kun gama."

Phebe ta ɗauko wayarta. Ta ɗauki hoton ɗankwalin da ke kan Mama Agnes, ta rubuta abin da za ta rubuta. Wani ɗan zobe ya hau juyawa a fuskar wayar.

Yana juyawa...

Yana juyawa...

Ya Ubangiji, kada netwok ya tozarta ni yau!

"Ina take?" Vivian ta yi dariya. "Ko ta tafi kasuwa?"

Baba ya sake duban ƙofa.

Sai ga ta.

Matar nan dai, da wushiryarta, da murmushinta, da ɗankwalin Mama Agnes a kanta.

Mama Agnes ta kai hannu biyu ta dafe kai. "Wayyo! Ai yana kaina! Ɗankwalina yana kaina!"

Phebe ta zube kusa da Yoila tana kuka. "Baba, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama. Shi bai ci amanata ba."

"Ni na ɗauko zanen, Baba," in ji Yoila. "Da a taɓa Phebe gara a kira ni mazinaci."

"Rufe mini baki, sakarai!"

Baba ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa kamar mai riƙe da garwashi. Ya daɗe yana kallo. Da aka waiga bakin ƙofa, babu Vivian. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

"Wannan tana da uwa?"

"A'a, Baba."

"Uba fa? Dangi? Ƙauye?"

"Ba ta da kowa."

"Abin da kika yi ban yarda da shi ba, kuma za ki durƙusa wa dangin mijinki kan zanen da kika gani kafin lokaci." Ya ja dogon numfashi. "Amma yarinyar da ba ta da uwa ba ta da uba ba za ta hana 'yata aure ba."

Ya cire takalminsa, ya zauna.

"Ke kuma," Mama Agnes ta nuna Phebe da yatsa, "maza tuɓe mata zanen ƙanwata ina kallo!"

Phebe ta goge hoton. Hawaye ya hana ta ganin abin da take dannawa, sai Yoila ne ya riƙe mata wayar.

"Rabin raina," ya ce ƙasa-ƙasa, "da kin yi shiru..."

"Da na rasa ka."

"Ina jin ku fa," in ji Baba. "Kai, matsa can. Ba a ɗaura ba tukuna."