Rijiyar Sabuwar Tasha

"Ku sake shi! Don Allah ku sake shi!"

Uwaliya ta saki tulun da ke kanta, ya tarwatse a bakin kasuwar Wurno. Dogarai uku ne suka danne Mode a ƙasa. Ɗaya ya take masa wuya, ɗaya na ɗaure masa hannuwa ta baya, na ukun yana tsula masa dorina ba ji ba gani.

Ba ta san lokacin da ta faɗa kansa ba.

Dorinar ta sauka a gadon bayanta, ta keta mayafi, ta keta fata.

"Uwaliya, tashi!" Mode ya faɗa, jini na bin haɓarsa. "Tashi, rabin raina, kada su kashe min ke..."

"Mi yay yi muku? Ku hwaɗa min, mi yay yi?"

"Ɗiban gwamna na," in ji babban dogarin, ya fizge ta ya wurgar gefe. "Sunanshi na cikin takarda. Aikin hanyar jirgi za shi, can Zamfara."

Ta ɗaga kai daga inda ta faɗi, sai ta hangi Junaidu a gindin tsamiya riƙe da takarda. Ɗan ƙanen mahaifinta ne, kuma shi ke rubuta wa hakimi sunayen waɗanda za a ɗiba. Murmushi yake yi.

Nan take ta gane komai.

Uwaliya bazawara ce, shekara biyu da rasuwar mijinta. Mode kuwa mutumin Maikujera ne, haƙar rijiya ce sana'arsa. Aikin rijiya ya kawo shi gidansu, kafin ya kai ga ruwa zukatansu sun haɗu. Da ya turo magabatansa, mahaifinta Malam Abdulƙadiri ya ce gidansa gidan karatu ne, ba zai haɗa jini da mai kwana cikin rami ba. Shi kuma Junaidu sau biyu yana neman aurenta, sau biyu tana cewa a'a.

Aka tafi da Mode ɗaure a igiya ɗaya da mutum talatin. Ta bi su har bayan gari ba takalmi, yana waiwaye, dogari na dukan ƙeyarsa.

"Ki jira ni, sanyin idona!"

"Ko shekara goma ta, ina nan!"

Wata biyar ba labari. Ran nan da hantsi Junaidu ya dawo daga raka wani sabon ɗiba, ya zauna a zaure gaban Malam, ya sa aka kira ta.

"Baba, sai haƙuri. Mutumin nan na Maikujera ya rasu. Ƙasa tar rufta da su. Da idona nig ga gawa tai."

Uwaliya ta yanke jiki ta faɗi.

Kwana bakwai ba ta iya haɗiyar ko fura. A rana ta takwas wani mutumin Marnona, Sale, ya yi sallama ya ce yana neman Goggo Laraba, ƙanwar Malam. Hannunsa na dama a ɗaure yake da karan ɗori. Goggo ta saurare shi, ta shigo ɗaki da gudu ta girgiza Uwaliya.

"Taso ki ji da kunnenki!"

Sale ya ce Bature ne ya sa a haƙa ƙatuwar rijiya a ƙarƙashin sabuwar tashar, don shi jirgin ƙasa, ruwa yake sha kamar raƙumi. Suna can ƙasa su goma sha ɗaya bango ya rufto.

"Kowa ya gudu, baiwar Allah. Mode kaɗai yad ɗaura igiya yas sauka. Mutum bakwai yah hiddo, ni na shida. Wurin na bakwai dutse yad danne mai ƙahwa."

"Shina da rai?" in ji Uwaliya.

"Shina da rai. Amma an yanke ƙahwar. Kuma Junaidu ya gan shi, har magana sunka yi."

Washegari da sassafe Uwaliya da Goggo suka bi ayarin fataken albasa na Goronyo. Kwana tara suna tafiya, ƙafafunta suka farfashe, ba ta fasa tafiya ba.

Tashar ta fi duk abin da ta zata. Dogon gini mai rufin kwano, ƙarafa biyu shimfiɗe har inda ido ya ƙare, leburori ɗaruruwa da kwanukan ƙasa a kai, helima, shugabansu, na daka musu tsawa. Ana ta share fili, wai yau jirgi na farko zai iso.

A bayan ginin ta same shi, zaune kan buhu, yana tufka igiya. Ya rame, sanda jingine a gefensa, ƙafar wandonsa ta hagu a ƙulle daga gwiwa.

"Mode..."

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya dube ta, sai ya kau da kai.

"Mi kinka zo yi? Koma gida."

"Ni kaka kora? Junaidu ya ce muna ka mutu!"

"Da ƙahwa biyu Malam bai ba ni ke ba, balle yanzu. Ni nic ce ma Junaidu ya hwaɗa miki ki manta da ni. Ban ce ya kashe ni ba, amma gara hakan..."

Ta durƙusa ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"Dube ni! Ƙahwa nic ce ina so? Kwana bakwai ina makokinka, Mode. Kada ka sake kashe ni."

Hawaye suka zubo masa. "Uwaliyata..."

Ba ta ji tahowar dawakai ba. Sai dai ta ji an cafki gashinta an ja ta baya da ƙarfi, har kanta ya bugi ƙasa.

Junaidu ne. A bayansa Malam Abdulƙadiri na kan doki, ya biyo sawun 'yarsa.

"'Yar malamai a gindin gurgu!" Junaidu ya kwaɗa mata mari. "Kin zubar muna da mutunci!"

Mode ya yunƙura da sandarsa. Junaidu ya shure sandar, Mode ya faɗi rub da ciki, Junaidu ya bi shi da ƙafa a daidai dungulmin. Ƙarar da Mode ya saki ta sa leburori suka ajiye kwanuka.

"Junaidu, bari!" Malam ya daka tsawa.

Bai ji ba. Ya zare wuƙa daga ɗamararsa. Uwaliya ta yi tsalle ta shiga tsakani, wuƙar ta tsarge damtsenta, jini ya yi tsartuwa har kan rigar mahaifinta.

Sai wurin ya ruɗe.

Leburori suka yo kan Junaidu da diga da shebur, waɗanda Mode ya fiddo daga rami ne a gaba. Suka kayar da shi, duka ta ko'ina, haƙoransa biyu a ƙasa. Wani ƙato ya ɗaga diga zai sauke masa a kai.

Mode ya ja jiki da hannuwa ya kwanta kan Junaidu.

"Kada ku kashe shi! Rataye ku za a yi! Ban hiddo ku daga rami don a rataye ku ba!"

Digar ta tsaya a sama.

Malam ya sauko daga doki. Ya yage rawaninsa ya ɗaure wa 'yarsa hannu, sannan ya tsuguna kusa da Junaidu.

"Kai kac ce min ka ga gawa tai."

Junaidu ya tofar da jini, bai iya ɗaga ido ba.

"Kuma kai kas sa sunanshi a takarda?"

"Baba... son ta nika yi..."

"Yi min shiru. Da wuƙa aka so?"

Daga nesa wata irin kuwwa ta taso, ƙasa ta ɗauki rawa. Jirgin ne, baƙi ƙirin, yana aman hayaƙi. Jama'a suka ruga kallo, wasu suka ruga daji don tsoro. Malam ko waiwayawa bai yi ba, Mode yake kallo.

"Ɗana, ka yahe min. Shekara arba'in ina karantar da mutane abin da kay yi yanzu, ni kaina ban taɓa yin shi ba."

"Malam, ba ni da abin riƙe ɗiyarka..."

"Baba, ni ina da hannu," in ji Uwaliya cikin kuka. "Shi ma shina da biyu."

Malam ya janyo linzamin dokinsa. Shi da Goggo Laraba suka tallafi Mode suka ɗora shi kan sirdi.

"Malam, kai fa?" in ji Mode.

"Ni da ƙasa za ni. Jumma'ar da munka isa Wurno za a ɗaura auren."

Tsohon ya kama linzami ya shige gaba. Uwaliya na tafe a gefen dokin, hannunta mai lafiya riƙe da na Mode, har hayaƙin jirgin ya ɓace a bayansu.