Gina a Gindin Fitilar Tsibiri

A Jega, in ka tambayi tsofaffin bakin gulbi abin da ya kifar da jirgin mutanen Maiyama shekarar da Nasara ke yaƙi da Jamus, sai su ce aljanar tsibiri ce ta hure fitila, don ba ta son wutar baƙi a kanta. Ban taɓa yarda ba. Aljanar da ta yi damina da damina tana kwana da fitila, me ya tunzura ta ranar? Na bi zancen gida-gida, ga abin da na samo.

Da hantsi aka gama tsamo gawarwaki daga Gulbin Gindi, mutum tara, har da mace da goyonta. Jirgin ya dare biyu a kan duwatsun da ke ƙarƙashin wani marke a gaɓar kudu, nesa da hanyar jirage.

A tsakiyar gulbin akwai ɗan tsibiri. Bature ya sa an kafa itace a kansa, aka rataya babbar fitila mai ƙwai, mai shan kananzir. Wanda duhu ya riske shi yana hawowa, sai ya miƙa hancin jirginsa gare ta, ya bi zurfi lafiya. Mai kula da ita wani basarke ne, masunci, Tamu. Aikin ba daɗi gare shi ba, amma yana da gata ɗaya: mai fitila ba a ɗibarsa dakon kayan soja zuwa Kamaru, inda ake tafiya ba a cika dawowa ba.

Wakilin da Bature ya ɗora kan harkar gulbi bai ɓata lokaci ba. Ya ce Tamu ya yi barci fitila ta mutu. Aka zane shi a kasuwa har bayansa ya daina kama da baya, yana ta faɗin, "Wallahi ta kwan tana ci!" Aka jefa shi a kurkuku, ya jira ayarin 'yan dako. Fitila kuwa aka ba Sabi'u, ɗan Maigarin Tungar Marke.

Dogarin da ke tsaron kurkukun, Alu, shi ya yi bulalar da hannunsa, kuma bai ga laifinsa ba, sai da Hindu matar Tamu ta kawo wa mijinta abinci. Alu ya buɗe ƙwaryar kamar yadda aka saba. Soyayyar gina ce, garar nan mai fuka-fuki da ke tashi bayan ruwan sama ta faɗa wa haske.

"Ke, ina kinka samo wagga?"

"Gindin fitila, Baba dogari. Da asubar ranar na kwashe ta."

"Fitilar da ta mutu?"

"Ku kunka ce ta mutu," in ji ta, ba ta ɗaga kai ba.

Alu ya rufe ƙwaryar. Gina ba ta taruwa a duhu.

Ya tafi wurin wadda ta tsira ita kaɗai, Uwani, mai sayar da albasa 'yar Aliero. Ya same ta zaune, idonta a bushe.

"Inna, kun ga haske?"

"Ƙal, fari tas. Mai jirgi na waƙa yana bin shi. Na faɗi ma Wakili, yac ce ruwa ya shiga min kai."

Alu ya haye tsibiri. Sabi'u ya tarbe shi da sabuwar hula, yana washe baki. Alu ya durƙusa gindin itacen fitila. Fuka-fukan gina sun yi tuli a gefen gabas, wajen bukkar mai gadi. Gefen yamma, inda jirage ke hawowa, ƙasa wayam. A jikin itacen, ta wannan gefen, ga sabon gurbin igiya. Wato an tare fitilar da wani abu ta fuska ɗaya: Tamu yana ganinta daga bukkarsa, na cikin jirgi ba su gani.

To wane haske suka bi? Ya sa aka kai shi marken da ke bisa duwatsu. A gindinsa ga wani tulin fuka-fukan, ga reshe ya yi baƙi da hayaƙi.

Mutum biyu aka sani da ƙin fitila. Na farko Malam Surajo, mai wa'azin cewa wutar Nasara ba ta shiryar da Musulmi.

"Na faɗi, kuma gobe ma ina faɗi," in ji Malam. "Amma ka san ina da dundumi. Rana na faɗuwa ko buta ban gani, bale in hau marke. Ko kai za ka ɗauke ni?"

Na biyu Yaro sarkin jirgi, wanda fitila ta kashe wa kasuwar rakiyar jirage cikin dare. Alu ya tarar da shi wurin zaman makoki.

"Jirgin da ya kife nawa na, Alu. Mai tuƙin ƙanena na, uwa ɗaya. Tashi ka ba ni wuri."

Alu ya zauna ya yi tunani. Acibalbal ta man kaɗe ja take ci, iska kuma ba ta barinta a kan gulbi. Fari tas sai fitila mai ƙwai. A duk bakin gulbin, ban da ta tsibiri, ɗaya ce: wadda Bature ya ba Maigarin Tungar Marke kyauta.

Maigari ya yi murna da aka tambayi fitilarsa. Ya sa aka ɗauko ta daga turaka, a nannaɗe cikin farin ƙyalle.

"Tun da anka ba ni ba ta taɓa ganin wuta ba. Ina ni ina kananzir? Ado ce, dogari."

Alu ya warware ƙyallen. An goge ƙwan fes. Ya murɗa lagwani ya fito, bakinsa baƙi ƙirin. Ya kife fitilar a tafin hannunsa ya bubbuga, sai ga fuka-fukai na zubowa daga ramukan iska.

"Ranka shi daɗe, ana ɗibar 'yan dako gidanga?"

Maigari ya ce, "An ce in ba da ɗa guda. Sabi'u anka nuna."

A gaban Wakili aka zaunar da Sabi'u, fitila a tsakiya. Alu ya jero masa: yadda ya yi ta zuwa tsibiri da sunan gaisuwa har ya san inda garwar kananzir take, tabarmar da ya ɗaura wa fitila ta yamma, marke, duwatsu.

"Mi yas sa?" in ji Wakili.

Sabi'u ya fashe da kuka. "Ni dai so nike a kori Tamu. Na ɗauka jirgin hatsi za shi zo."

"Ka ji su suna kuwwa?" in ji Alu.

"Na ji."

"Kana bisa marke da jirginka ɗaure a gindi."

"Sai da na sauke fitila tukuna. Ta Baba ce, kada ta fashe."

Alu ya ce a saki Tamu. Wakili ya ce ina.

"Ayari ya tashi da safe. Kana so in aika ma Bature in ce na zane marar laifi a kasuwa? Wa yar riƙe bulala, Alu?" Ya ture fitilar wajen Maigari da ƙafa. "Ɗauki abinka. Aljana ta hure fitila. Kowa ya ji?"

Kowa ya ce ya ji.

Fitilar tsibiri ba ta mutu ba ranar. Sabi'u ne ya rufe ta, ya kunna ta ubansa bisa duwatsu, don kada a kai shi dako. Tamu ya mutu a hanya kafin Yawuri, da kaya a kan miki. Sabi'u ya riƙe fitilar har ya tsufa.