Motar Baba Mai Magana da Rana Tsaka

A garin Turawa akwai wani gida mai tsamiya a bayansa. A gindin tsamiyar akwai wata tsohuwar mota shuɗiya. Motar baban wata yarinya ce, 'yar aji biyar.

Lokacin da yake da rai, Baba yakan ɗauki mutane da buhunan gyaɗa ya kai su Rogo. Da abin da motar ta samo ake cefane a gidan. In yana gyara, yarinyar ce mai riƙe masa sifana. Ta iya buɗe bonet. Ta san jar waya, ta san baƙa.

Wata rana Baba ya dawo da zazzaɓi. Ya ajiye motar, ya shiga gida. Bai sake fitowa da ƙafarsa ba.

Damina ta wuce a kan motar. Ciyawa ta fito ta rungume tayoyinta. Yarinyar ta daina bi ta bayan gida. Ko aikenta aka yi, sai ta zagaya ta doguwar hanya. Hular Baba tana nan a jikin gilashin gaba, inda ya cire ta ya ajiye. Ita kuwa ba ta iya kallon hular nan.

Da kaka ta yi, Bappa ya zo. Shi ne ƙanen Baba, mai sayar da hatsi a Rogo. Ya murɗa makulli, motar ba ta ce uffan ba. Ya ce batir ne ya mutu. Zai sayo sabo, ya nemo direba, motar ta koma ciyar da gidan.

Bayan ya koma Rogo sai ya kira Umma a waya. Ya ce a ba shi Uwata. Haka yake kiran yarinyar, don sunan mahaifiyarsa gare ta.

"Uwata, Ummanki tana takaba, ba ta fita. Ke ce bakanikiyar gidan yanzu," in ji Bappa. "Mai batir ya ce ba kowane batir ke shiga tsohuwar mota ba. Ki auno mini tsohon da kara, kamar yadda ake auna ƙafa in za a sayo takalmi. Ki ɗaura jan zare a gefen da jar waya take. Amma kada ki taɓa kawunansa."

Ta ce to.

Ta samo kara mai kyau. Ta tafi har kwanar katanga, ta leƙa. Rana ta haska gilashin motar. Sai ta ga kamar akwai kai a ƙarƙashin hular. Kamar wani yana zaune yana jiranta.

Ba ta ƙarasa wurin motar ba.

Ta koma zaure da baya da baya. Ta rufe ido, ta tuno girman batirin, ta karya karan a inda ta ga ya yi. Ta ɗaura jan zare a gefen da hannunta ya fara kamawa. Da Bappa ya aiko Sulle ɗan acaɓa ya karɓa, ta miƙa masa.

Umma ta tambaye ta ko ta auna da kyau. Ta ce ta auna.

Ranar Juma'a Bappa ya zo da sabon batir a bayan babur. Yarinyar ta laɓe a kwanar katanga tana kallo. Ya cire tsohon, ya sa sabon. Sabon bai cika mazauninsa ba. Kawunansa kuma sun yi wa wayoyin nisa.

Bappa ya dubi tsohon, ya dubi sabon. Ya ce wa kansa tsohon kumbura ya yi, shi ya sa ya fi girma. Ai Uwata ba za ta yi kuskure ba.

Ya ja jar wayar da ƙarfi, da ƙyar ta kai. A daidai lokacin yarinyar ta ji wani abu daga cikin motar. Kamar mutum ya yi gyaran murya. Bappa bai ji ba.

Ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Shiru. Ya rufe bonet, ya ce zai dawo.

Washegari da rana tsaka kowa yana cikin ɗaki. Ko kaji sun yi shiru. Sai aka ji murya daga bayan katanga. Muryar namiji ce, a hankali, kamar daga cikin rijiya.

"Allah Ya ji ƙansa. Allah Ya gafarta masa."

Umma ta saki tsintsiya. Maƙwabciyarsu Talatu ta fito da gudu tana salati. Kafin ta isa gindin tsamiya, muryar ta ɗauke. Babu kowa a motar. Hula ce kawai.

Kashegari ma aka ji. Wani lokaci magana, wani lokaci kamar ana waƙa daga nesa. Kullum da rana tsaka. In an fito, sai a tarar da shiru.

"Ni dai na faɗa," in ji Talatu, tana zaune nesa da katangar. "Wa ya taɓa ajiye mota a gindin tsamiya? Mutanen ɓoye sun samu ɗaki har da kujeru. Saura su fara ɗaukar fasinja."

Ba wanda ya yi dariya. Yara suka daina tsinko tsamiya. Umma ta daina cin abincin rana.

Bappa ya ce zancen mata ne. Ya zo ya zauna a zaure don ya ji da kunnensa. Ya kuwa ji. Daga baya ya ce wa Umma ba zai bari abin ya kwantar da ita ba. Mota ta ƙi tashi da sabon batir, ga kuma wannan. Zai kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su zo ranar Asabar da yamma, su yanka ta su kwashe.

Yarinyar ta san 'yan gwangwan. Ta taɓa ganin sun sare wata mota da gatari a Karaye. Ta san kuma dalilin da ya sa motar Baba ta ƙi tashi. Amma ta ɓoye maganar.

A makaranta Malama Hidaya ta lura ba ta rubutu. Ta tambaye ta ko ba ta da lafiya. Yarinyar ta ce tsoro take ji.

"Kin je kin ga abin da idonki?"

"A'a, Malama."

"To, gani ya kori ji. Abin tsoro daga nesa yake girma."

Ranar Asabar ta zo. Rana ta take tsaka. Yarinyar ta ce a ranta ba za a sare motar Baba ba ta yi mata sallama ba. Ta yi bisimilla, ta wuce kwanar katanga. Inuwar tsamiya ta rufe ta, sanyi ya ratsa ta. Ta buɗe ƙofa, ta shiga, ta zauna a inda take zama da.

Ƙamshin turaren Baba bai gama fita ba. Carbinsa yana rataye a madubi. Ta kai hannu ta ɗauki hular. Babu kai a ƙarƙashinta. Hula ce kawai, mai ɗumin rana. Ta rungume ta, ta yi kukan da ba ta yi ba tun damina.

Sai ta ji dum a kan bonet. Motar ta girgiza.

Muryar ta tashi a daidai gwiwarta.

Ta ƙame. Ta so ta gudu, amma ta tuna maganar Malama. Ta buɗe ido a hankali. Wata 'yar fitila koriya tana ci a jikin rediyon motar. Mai labarai ne yake karanta sanarwar rasuwa. A kan bonet kuwa, akuyar Talatu ce tsaye, tana miƙa wuya tana cin ganyen tsamiya.

Akuyar ta dira. Motar ta sake girgiza. Fitilar ta mutu, muryar ta ɗauke.

Yarinyar ta gane. Ranar da Baba ya dawo da zazzaɓi, bai kashe rediyo ba. Rediyon ne ya shanye tsohon batir. Sabon kuma ya yi ƙanƙanta, yana zamewa. In akuya ta hau, ya taɓa waya. In ta sauka, ya saki. Ita kuwa da rana tsaka take zuwa, in kowa ya shige ɗaki.

Ta shiga gida da hular a hannunta. Bappa yana zaune yana jiran 'yan gwangwan. Ta durƙusa.

"Bappa, ban auna ba. Tsoro na ji. A zaure na karya karan."

Ta gaya musu komai, har da akuya. Umma ta daɗe tana kallon hular. Sannan ta jawo ta jikinta.

"Ke da kika ji tsoro, me ya hana ki faɗa mini?" in ji Umma. "Ni ma ai tsoron nake ji. Da mun ji shi tare."

Bappa bai yi mata faɗa ba. Ya ce laifinta ɗaya ne, ta ce ta auna alhali ba ta auna ba. Shi ma da nasa, ya aiki yarinya abin da ya kamata ya tsaya a kai. Ya buga waya ya ce wa 'yan gwangwan kada su zo.

Washegari ya zo da Malam Zulkifilu mai batir. Malam ya yarda zai canja, tunda ba a yi aiki da wancan ba. Ya ba yarinyar sabon kara. Ta auna mazaunin batir a gabansu, tsawo da faɗi da tsayi. Ta nuna gefen jar waya. Malam ya ce a duba ƙarfinsa ma, don tsohon inji yana son batir mai ƙarfi. Cikin waɗanda ya zo da su, ya zaɓi wanda ya yi daidai.

Ya ce ta ja baya, don ruwan batir yana ƙuna. Ya fara cire baƙar waya, sannan ja. Ya goge farin garin da ya taru a bakin wayoyin. Ya sa sabon batir, ya zauna ɗas. Ya ɗaura ja, sannan baƙa. Ya ɗaure shi da ƙarfensa, ya jijjiga, bai motsa ba. Ita ce ta miƙa masa sifana.

Bappa ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi tari, ta tashi. Busasshen ganye ya zubo daga kanta. Rediyo ma ya kama.

Talatu ta leƙo ta katanga. Bappa ya ce mata ta zo ta ɗaure shugabar aljanun, tana can tana cin wake a gonar mutane. A ranar ne aka ji dariyar Umma.

Bappa ya zagaya da yarinyar har bakin titin Rogo. Hular Baba tana kan cinyarta. Da suka dawo gindin tsamiya, ita ce ta kai hannu ta kashe rediyo.

Tun daga ranar, in aka ce ta auna abu, sai ta je ta auna. In kuma tsoro ya hana ta, sai ta faɗa wa babba. Jin tsoro ba laifi ba ne. Rufe shi da ƙarya shi ne yake jawo asara.